Kurmin Babana da Kajin Alhaji

Bayan ƙauyenmu, a ƙasar Bungudu, akwai wani ɗan kurmi da mahaifina ya gada wajen nasa mahaifin. Ba wani babban daji ba ne. Idan ka shiga ta gabas kana tafiya a hankali, kafin ka gama gaigayar goriba ɗaya ka ɓulla ta yamma. Amma itatuwansa tsofaffi ne. Ɗorawa ce ta fi yawa, sai kanya da marke da tsamiya biyu, da wani maɗaci da ba wanda ya san shekarunsa. Baba, Allah ya jiƙansa, doka biyu ya kafa a kan kurmin: ba a saran ɗanyen ice, ba a kuma kwashe ganyen da ya zuba ƙasa.

Ina yaro ban san dalilin doka ta biyu ba, na ɗauka rowa ce kawai. Sai wata rana da damina ya kama hannuna ya tura shi ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a gindin kanya. Ƙasar tana da sanyi da laushi, baƙa wuluk. Da na ɗago hannu sai ga tana biyu suna motsi a tafina, ga kuma wani farin abu kamar zaren auduga ya bi cikin ƙasar ya nannaɗe ƙananan saiwoyi. Ya ce, “Ka gani? Wanga ganye abincinsu ne. In ka kwashe shi mi za su ci? In ba su ci ba, icen mi zai ci?” Duk abin da na karanta daga baya a makarantar koyon aikin gona bai wuce wannan da nisa ba.

Inna kuwa, ɗorawar kurmin ce sana'arta. Da bazara takan sa a kaɗo mata, ta fitar da garin, ta wanke kalwa, ta dafa ta yini guda, ta rufe ta har ta nuna, sannan ta kirɓa daddawa. Mata daga Gusau har gida suke biyo ta. Da wannan daddawa aka ɗinka mini kayan makaranta, da ita aka yi wa ƙannena mata kayan ɗaki.

Bayan rasuwar Baba ina koyar da ilimin noma a wata makarantar sakandare a Gusau, ina zuwa gida duk ƙarshen mako. A lokacin ne maƙwabcinmu ya sayar da gonarsa, wadda ke kan tudu gabas da kurmin, ga wani Alhaji ɗan kasuwa. Cikin rani ɗaya aka tayar da dogayen rumfunan kaji guda huɗu, aka kewaye da waya. A bangon kowace rumfa aka girke manyan fankoki masu fitar da iskar ciki, kuma dukkansu kurminmu suke kallo. Kashin kajin da ake kwashewa a jikin wayar ake jibge shi, daidai inda tudun ya fara gangarowa wajenmu. Tarin ya kai tsayin ɗaki. In ka tsaya a bakin kurmin da rana tsaka, wani wari mai yaji yakan shiga hanci har idonka ya kawo ruwa.

Zan faɗi gaskiya, shekara biyun farko ni ma an ruɗe ni. Ganyen itatuwan ya yi kore shar fiye da yadda na taɓa gani. Ciyawa ta taso har gwiwa a inda da inuwa ba ta barin komai ya fito. Mutanen gari suna cewa albarkar maƙwabtaka ce. Ni da na karanta abin, na ga zaƙi-banza ta cika bakin kurmin, ciyawar da ba ta son ko'ina sai kan juji, amma ban tsaya na yi tunani ba.

Inna ce ta fara ganewa. Wata Asabar da damina ta uku na same ta zaune a tsakar gida, ta ce, “Ka shiga kurmi kwanan nan?”

Na ce na leƙa makon jiya.

Ta ce, “Leƙe ba shiga ba ne. Tahi ka tona ƙasa ka shinshina. Ruwa uku anka yi, ban ga laimar kwaɗi ko ɗaya ba. Ganyen bara yana nan yadda ya zuba, ya ƙi ruɓewa. Kuma kalwar bana ba ta cika ido, rabinta fanko ce.”

Na ɗauki fartanya na shiga. A gefen yamma, nesa da wayar, ƙasar tana nan da sauran kyanta. Ina matsowa gabas tana canzawa. Ganyen ya daskare ya zama kamar tsohuwar tabarma, ƙarƙashinsa ƙasa ta yi tauri ta yi fari-fari, tana wari irin na ƙullin da ya kwana. Na tona wuri biyar ban ga tana ba. Farin zaren nan da Baba ya nuna mini babu shi. 'Yan ɗorawar da suka fito da kansu, waɗanda nake sa rai su gaji tsofaffin, bakin ganyensu ya ƙone kamar an bi su da ashana.

Na ɗebi ƙasa wuri uku, kusa da waya da tsakiya da can yamma, na zuba a gwangwanayen madara, na kai wa wani abokina da muka yi karatu tare, wanda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Bayan mako biyu ya kira ni, na je. Ya ajiye gwangwanayen a jere ya ce, “Ta yamma lafiyarta lau. Ta tsakiya ta fara tsami. Wannan ta kusa da waya kuwa, naitirojin ya yi mata yawa har ya zama guba.”

Na ce, “Ai na san ruwa yana wanko kashin kajin.”

Ya ce, “Ba ruwan kaɗai ba ne. Warin nan da ke sa ka hawaye amoniya ce. Fankoki suna huro ta, tana sauka a kan ganye da ƙasa dare da rana, raɓa da ruwan sama suna shigar da ita ciki. Taki ne ke sauka daga sama, ba a tambayi kurmin ko yana so ba. Ka san naitirojin shi ne abin da ke cikin takin yuriya, kaɗan yana gyara, mai yawa yana sa ƙasa tsami. In ta yi tsami, ƙananan halittun da ke narkar da ganye su ragu. Farin zaren nan kuma, shi ke haɗa kai da saiwa yana nemo mata ruwa da abinci daga nesa. Da itace ya ga abinci ya zo masa a sauƙaƙe sai ya daina ciyar da zaren, zaren ya mutu. Itacen ya yi ta fitar da ganye a sama, ƙasansa babu komai.”

Ya sa mini ɗigon ruwan kowace ƙasa a madubin ƙara girma. A ta yamma abubuwa suna ta kai da kawo kamar ranar kasuwa. A ta gabas sai da na daɗe ina nema kafin na ga wani abu guda ya motsa.

Na sami Alhajin a shagonsa na ƙwai da abincin kaji a Gusau, yana zaune kan kujera, mutanensa biyar ko shida a benci. Na gaishe shi da ladabi, na faɗi ko ni wane ne, na bayyana masa komai yadda ɗalibin aji ɗaya zai gane. Abu biyu kawai na roƙa: a mayar da tarin kashin can bayan rumfuna, a kuma gina katanga ko a dasa layin itatuwa gaban fankokin. Ya saurare ni yana juya makullin mota a yatsa. Da na gama ya dubi mutanensa ya ce, “Kun ji malamin makaranta. Mutane na bin layi suna sayen taki wurina, shi ina ba shi kyauta har ta sama, ya zo kai ƙara.” Suka kwashe da dariya. Ya ce, “Malam, taki bai taɓa yi wa ƙasa yawa ba. Tahi ka koya wa yara, ka bar mu mu yi sana'a.”

Wannan na iya haɗiye shi. Abin da ban haɗiye ba shi ne wanda ya biyo baya. Inna, ba tare da ta gaya mini ba, ta yafa mayafinta ta je ta tsaya a ƙofar gidan kajin ranar da ta ga motarsa. Tsohuwa ce, ta haura sittin, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa roƙo ba. Ta gaishe shi, ta ce mijinta ne ya bar mata waɗannan itatuwa, ta roƙe shi don Allah ya janye jujin. Bai ko fito daga motar ba. Ya sa aka ɗauko kiret ɗin fasassun ƙwai, irin wanda suke warewa gefe, aka miƙa mata. Ya ce, “Inna, karɓi ki tahi ki soya wa jikoki, ki bar zancen ice.” Ma'aikatansa suna tsaye suna murmushi. Ta karɓa don ba ta iya barin hannun mutum a miƙe, ta durƙusa ta ajiye shi a ƙasa, ta juyo gida. Ba ita ta ba ni labari ba, wata maƙwabciyarmu da ta gani ce. Da na tambaye ta sai ta ce, “Ya wuce.” Amma daga ranar ba ta sake bin hanyar gabas ba, ko rijiya za ta sai ta zagaya.

Na je wajen mai gari, ya ce zai yi magana. Na rubuta takarda na kai inda ake kai irin wannan kuka, aka karɓa aka ce a dawo. Na yi ta dawowa har na gaji. Da damina ta biyar aka yi wata iska wadda ba ta kai ta kwashe rufin kowa ba, amma ta kayar da babbar ɗorawarmu, wadda ita kaɗai takan ba Inna kalwar wata uku. Na je na tsaya a kanta. Itacen da mutum biyu ba sa iya rungumewa, saiwoyinsa gajeru, baƙaƙe, suna marmashewa a hannu. A bakin ramin nan na yi wa kaina alkawari cewa in dai ina raye, ranar da mutumin nan zai buƙaci wani abu a hannuna ba zai samu ba. Ban san yadda za a yi ba. Shi mai mota da rumfuna, ni mai alli. Amma na riƙe abin, ina kwana da shi ina tashi da shi.

Shekaru suka wuce. Na haƙa rami a bakin kurmin don ya kama ruwan da ke gangarowa, ina tara tokar murhu ina watsawa, amma iskar fankoki ba ta da rami. Ɗorawa uku suka ƙara bushewa a tsaye. Inna ta koma sayen kalwa a kasuwa, daga baya ta bar daddawar gaba ɗaya. Ni kuma a wannan tsakanin manoma suka fara sanina. Wani ya kawo mini ganyen masararsa da ya yi rawaya, na gaya masa abin yi, ya dace, ya gaya wa wani. Kafin a jima, ranakun Asabar ana zuwa ɗaukata a babur zuwa Wonaka, zuwa Bilbis, wani lokaci har gaban Tsafe, lokacin da hanya take barin mutum ya je ya dawo.

Wata Asabar wani dattijo ya zo gidana a Gusau. Ya ce shi ke kula da wani lambu kusa da Tsafe, mangwaro da gwaiba da lemo, dashen shekara huɗu, kuma itatuwan sun fara lalacewa, mai lambun ya ce a nemo wanda ya sani. Ban tambayi sunan mai lambun ba. Muka shiga mota zuwa Tsafe, daga tasha muka hau babur.

Tun kafin mu kai ƙofa na ji warin. Lambu ne mai faɗi, an kashe masa dukiya: rijiyar burtsatse, tankuna, layuka a miƙe kamar an ja su da zare. A gindin kowace bishiya an tara ɗanyen kashin kaji har ya rufe kututture, a kansa kuma ga farin ƙwayar yuriya da ba ta gama narkewa ba. Bakin ganyen ya ƙone, sabon toho yana fitowa yana bushewa. Na durƙusa na tona da hannu. Ƙasar da zafi, da tauri, da wannan warin tsamin da na sani kamar sunana. Na ce da dattijon, “Baba, wa ya ce a zuba wannan haka?”

Ya ce, “Mai shi. Mota-mota aka kawowa daga gidan kajinai na Bungudu. Na ce mai ya yi yawa, ya ce ni mi na sani.”

Nan na gane lambun wane ne. Ina durƙushe a wurin motar Alhajin ta shigo. Ya ƙara ƙiba, gemunsa ya yi fari. Ya miƙo mini hannu yana fara'a, ya ce, “Malam, sannu da zuwa, an ce kai ne likitan ƙasa.” Na dube shi ido cikin ido, na jira. Bai gane ni ba. Ko alamar ya taɓa ganina babu a fuskarsa. Na yi shekara bakwai ina ɗauke da mutumin nan a zuciya, shi kuwa ko wurin ajiye fuskata bai samu ba. Wannan ya fi dariyar shagon ciwo.

Muka zaga lambun. Yana nuna mini bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin inda ya samo irin kowacce. Ya ce wannan lambu shi ne hutunsa, nan yake so ya zauna in ya bar kasuwa, jikokinsa su riƙa zuwa suna tsinka. Na ga da gaske yake son su, har yana shafa ganyen wani lemo kamar kan yaro. Ni kuwa na san maganin tun kafin mu gama layin farko. A janye kashin daga gindin, a daina yuriya, a yi ban ruwa mai yawa ya wanke, a watsa farar ƙasa ko toka, a rufe da busasshiyar ciyawa. Da an yi haka a wannan watan, da mafi yawansu sun tashi. Maganar tana bakina, ba ta fi numfashi biyu ba.

Ya tsaya ya ce, “Ni dai a ganina, Malam, yunwa ce ke damunsu. Ƙasar nan jigawa ce, ba ta riƙe abinci. Ina ga sai an ƙara masu taki. Ko ya ka gani?”

Dattijon yana bayansa yana kallona, idonsa yana roƙona in yi magana.

Na kakkaɓe ƙasar hannuna a hankali. Na ce, “Alhaji, ai a sha'anin taki kai ne babba. Wanda ke da rumfunan kaji huɗu, ni malamin makaranta me zan koya masa?”

Ya yi dariya, ya ji daɗi. Ya juya ga dattijon ya ce, “To ka ji. Gobe a turo mota biyu.” Ya sa hannu a aljihu zai sallame ni, na ce a'a, ban yi aikin komai ba. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Dattijon ya rako ni a babur har tasha. Da zan shiga mota ya ce, “Malam, ka san abin da ke damun iccen nan.” Ba tambaya ba ce. Na ce, “Baba, sai wani jiƙon.”

Ba zan yi ƙaryar cewa na yi nadama a hanya ba. Na dawo Gusau ina jin jikina sakayau kamar wanda ya sauke buhu. Na ci tuwo na ƙara. Bayan haka, duk lokacin da aiki ya kai ni wajen Tsafe sai na ce mai babur ya bi ta gefen lambun. Na ga gwaiba ta fara tafiya, sannan lemo. Mangwaro ya fi su taurin rai, ya kai shekara yana fama. Sau ɗaya ma ba aikin komai na je ba, na shiga mota takanas don in leƙa ta saman katanga. Layukan suna nan a miƙe, sai dai sanduna ne tsaye babu ganye. Na tsaya na ƙare musu kallo, na sayi rake a bakin hanya, na sha a mota har gida.

Ni da kaina na gaya wa Inna, ina tsammanin za ta ji sanyi. Tana tsintar wake a faifai, ta saurare ni har na gama. Ta ce, “Icen nawa ne?”

Na ce suna da yawa, ban ƙirga ba.

Ta ce, “Su mi sunka yi maka?”

Na ce, “Inna, namu me suka yi masa?”

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, “Ubanka ko ƙaya bai so a sare ɗanya.” Na ce Baba bai ga ranar da aka miƙa wa matarsa fasasshen ƙwai ba. Ta ɗago ta dube ni, ta ce kada in sake yi mata wannan zancen a gidanta. Ban sake ba. Amma ban janye ba, ita ma ta san ban janye ba.

Asiri ya tonu bayan lambun ya gama mutuwa. Alhajin ya ɗauko wani masani daga nesa don ya duba ko za a sake dashe. Mutumin ya tona ƙasa ya ce taki ne ya kashe su, kuma duk wanda ya taɓa zama ajin noma zai gane haka da kallo ɗaya. Sai Alhaji ya tuna an taɓa kawo wani malami. Ya bincika, aka gaya masa ɗan wa ne.

Ranar wata Talata ana tashi daga makaranta na ga motarsa a bakin ƙofa. Wannan karon ya fito daga ciki. Ya tare ni a gaban masu sayar da awara. Ya ce, “Kai ne ɗan tsohuwar nan mai kurmi?”

Na ce, “Ni ne. Yau ka gane ni.”

Ya ce, “Ka san abin da ke kashe mani ice, ka yi shiru?”

Na ce, “Na sani tun daga ƙofa.”

Ya ce, “Kai musulmi ne kuwa? Na kira ka da amana!”

Na ce, “Alhaji, ban yi maka ƙarya ko ɗaya ba. Maganin lambunka na kawo maka shi har shago shekara bakwai kafin ka buƙace shi. Na ce maka taki yana yi wa ƙasa yawa, ka tara mutane kuka yi dariya. Mai kula da lambunka ma ya gaya maka. Ni me zan ƙara?”

Ya ce Allah ya isa tsakaninmu. Na ce amin, Allah ya isa, kuma a fara da ɗorawa huɗu da tsohuwar da ta bar sana'arta. Mutane suka taru, wani malami abokin aikina ya ja ni ciki. Ina jin Alhajin yana faɗa har ya rufe ƙofar mota.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ne dattijon. Da lambun ya mutu aka sallame shi. Na gan shi wata rana a tashar Tsafe yana tura baro da kayan fasinja, mutumin da ya kai sa'an mahaifina. Na je na gaishe shi. Ya amsa, bai saki baron ba. Ya ce, “Ni na dasa su, Malam, ɗaya-ɗaya. Rigimarku ce, amma hannuna ne ya mutu a wurin.” Na nemo masa aikin ban ruwa a lambun wani manomi da na sani a Bilbis, na aika a gaya masa. Aka dawo mini da amsa cewa ya gode, amma ba ta hannuna ba. Wannan na ɗauke shi, nawa ne, kuma ban ɗora wa kowa ba.

Gidan kajin yana nan har yau. An rage rumfa ɗaya, an kuma mayar da tarin kashin baya, ba don ni ba, don masu saye sun yi yawa har ba ya taruwa. Fankokin ba su juya ba. Rabin kurmin na gabas ya zama fili mai ciyawa, rabin yamma ina ta fama da shi.

Bara aka ɗaura auren 'yar mai garinmu, aka gayyaci Alhajin a matsayin maƙwabci. Muka samu kanmu a tabarma ɗaya, mutum uku ne tsakaninmu. Liman ya san labarin, kowa ma ya sani. Bayan an ɗaura aure ya ce kafin a tashi akwai 'yan'uwa biyu da yake so su gaisa. Ya kamo hannuna, ya kamo na Alhaji, ya haɗa. Na bar hannuna a ciki saboda girman liman da furfurarsa. Alhajin ya sunkuyar da kai ya ce, “To, a yafi juna.” Jama'a suka yi tsit suna jiran nawa. Liman ya matsa yatsuna, ya ce, “Malam?”

Na dubi tabarma. Aka jira, aka ƙara jira. Daga baya wani daga cikin dattawa ya yi gyaran murya ya ce a shafa fatiha, abinci yana hucewa. Aka shafa, na zare hannuna, na nemi takalmana.